Hattara da masu keken siklo a Ho Chi Minh

Jama'a, duk wanda jirgin ruwan yawon buɗe ido zai tsaya da shi a Biyetnam, kuma yana da niyyar leƙa birnin Ho Chi Minh, wanda 'yan gari har yau suke kira Saigon, to ya buɗe kunne.

Manyan jirage a tashar Phu My suke tsayawa, kusan awa biyu ne a mota kafin a kai tsakiyar gari. Wuni ɗaya tal gare ka, kuma 'yan damfara sun san haka. Sun san ba ka da lokacin kai ƙara, jirgi kuma ba ya jiran wanda ya fita yawo da kansa.

A bakin kasuwar Ben Thanh ake yawan cin karo da su. Siklo keke ne mai ƙafa uku, fasinja a gaba, matuƙi a baya. Mutum zai tare ka da fara'a, har ya nuna maka wani ɗan littafi cike da yabon da wai baƙi suka rubuta masa. Ka tambayi kuɗi, ya ce "ka ba da abin da ya samu." Daga nan an gama da kai. Zai zaga da kai, ya sauke ka a lungun da ba kowa, sannan ya zaro takardar farashi ya ce miliyan ɗaya ne na dong, wato kuɗin ƙasar. Fara'ar nan ta tafi.

Sai kuma wajen biya. Takardar dong 500,000 da ta 20,000 duk shuɗaye ne, duk da hoton Ho Chi Minh, shugaban da aka sa wa birnin sunansa, a jiki. Ta farko kusan dala 20 ce, ta biyu ko dala ɗaya ba ta kai ba. Ka miƙa babbar, ya juya hannu ya nuna maka ƙaramar, ya ce ita ka ba shi. Wa zai yi maka shaida?

Ba duka masu siklo ne macuta ba, akwai dattawa masu neman halak ɗinsu. Amma kada ka hau sai an rubuta cikakken kuɗin da sifili-sifilinsa, an kuma fayyace dong ne ko dala. Ka yi canji tun da wuri, manyan takardu su zauna a wani aljihu daban.

Tasi ma akwai na bogi masu kwaikwayon launin motocin kamfanonin Vinasun da Mai Linh, mitarsu gudu take kamar an biyo ta. Ka kira mota ta manhajar Grab, kuɗin yana fitowa tun kafin ka shiga.