Yawon Touristanbul da muka shiga da yara

Jirginmu na gaba sai bayan awa 11, maimakon mu zauna a filin jirgin Istanbul yara na ta ƙiriniya sai maigida ya ce mu gwada Touristanbul, yawon da Turkish Airlines ke kai fasinjojin da za su jira awa 6 zuwa 24, kyauta, ga bas ga ɗan jagora. Wallahi ya yi. Masallacin Sultanahmet mai hasumiya 6 ɗin nan na saki baki ina ta kallon rufinsa har sai da auta ta jawo ni, ga Aya Sofiya a gabansa, ginin da aka gama tun 537! Filin jirgin dai da nisa da gari, kuma sai kana da izinin shiga Turkiyya. Yaran tun a bas suka ɓingire da barci.