Ganyen Latas Ya Yi Rawaya: Ƙarin Taki ko Gwajin Ruwa?

Masu noman latas cikin ruwa a Nima da Madina, nan Accra, sukan rabu biyu idan ganye ya yi rawaya. Wasu nan take suke ƙara taki, wasu kuma su fara gwada ruwan. Ƙarin takin yana aiki idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka koɗe, don ƙarancin naitirojin ke nan. Amma idan sabon toho ne ya koɗe, jijiyoyinsa kore shar, sinadarin ƙarfe ne ya gaza. Sau da yawa sinadarin yana cikin ruwan, pH (ma'aunin tsamin ruwa) ne ya haura 6.5, saiwa ta kasa sha. Ƙarin taki a nan ƙone bakin ganye yake yi. Ni dai na fi son a fara gwada ruwan, a mayar da pH ɗinsa tsakanin 5.5 da 6.5, balle mai ɗiban ruwan burtsatse.