Daga Shenzhen: kayan na'urar gonar Baba

Assalamu alaikum ƙanina. Ka gaishe min da Inna da Baba da kyau.

Na ga saƙonka a kan na'urar da kake son haɗa wa gonar tumatir ɗin Baba a Kadawa, wadda za ta ji danshin ƙasa ta tayar da famfo da kanta. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa mai gudu daga Guangzhou, rabin sa'a da 'yan kai sai ga ni a Shenzhen, na zarce Huaqiangbei, unguwar kasuwannin kayan lantarki. Ka ɗauki kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka ɗora ta bisa kanta hawa bayan hawa, titi guda cur, har yanzu ba ka kamo girman wurin ba. Kasuwar SEG da ke nan tun 1988 take ci.

Shagon da na tsaya bai fi faɗin dardumar salla biyu ba. Mai shagon tana cin shinkafa da tsinke, jaririnta na barci a bayan kanta. Ba ta jin Turanci, ni kuma Sinancina na gaisuwa ne. Na nuna mata lambar kaya a waya, ta buga min kuɗi a kalkuleta. Abin da babu a wajenta ta tura saƙo ta WeChat, kafin ta gama cin abincin wani yaro ya kawo. Allon ESP32, ƙaramar kwamfutar da za ta zama ƙwaƙwalwar na'urarka, bai kai yuan 20 ba. Biyar na saya.

Biyar ɗin nan ita ta tsaya min a rai. Ka tuna aikinmu na gama makaranta, da muka jira irin wannan allon, Arduino, guda ɗaya tilo daga Legas har mako biyar? Ranar da ya iso muka juya waya bisa kuskure, ya yi ƙauri, shi ke nan. Daga nan kowa ya koma lallaɓa kaya kamar ƙwai, ba mai yarda ya gwada wani abu. A nan ɗalibi zai ƙona allo da dare, ya yi oda a Taobao, kasuwar intanet, gobe ko jibi an ƙwanƙwasa masa ƙofa. In ya zana nasa allon, kamfanin JLCPCB za su buga masa guda biyar a dala 2, ban da kuɗin aike. Wallahi hannu ba su fi mu ba. Yaran da ke ɗaga aisi (IC, 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke kan fanel ɗin waya) da iska mai zafi a Kano, ba tare da ko zanen fanel ba, da suna samun kaya haka da an ga aiki.

Sai dai a nan ma akwai jabu, da tsofaffin aisi da aka goge aka sake wa lamba. An taɓa sayar min a wani shago, cikin goma, uku ne suka tashi.

Batun FPGA da malaminku ya ambata, gonar ba ta buƙatarsa. Arduino da ESP32 umarni suke bi ɗaya bayan ɗaya. Shi FPGA kuwa, aisi ne da da harshe irin Verilog kake tsara masa da'irar lantarkin kanta, komai ya yi aiki lokaci guda, shi ya sa ake kai shi aikin bidiyo da sadarwa. Ƙasar da sai ta yi sa'o'i kafin ta bushe, ina ruwanta da wannan gudu? ESP32, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016, da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, ya ishe ka. Duk da haka zuciyata ba ta bar ni ba, na saya maka allon FPGA, Tang Nano 9K na Sipeed, mai aisin Gowin da ramin HDMI, ka koya a hankali bayan jarabawa.

Sensar danshi na zaɓo mai rufaffen jiki. Mai ƙafa biyu tsirara ɗin nan lantarki ke cinye ƙarfenta a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ka shafe samanta da gam don kada ruwa ya shiga. Ƙafafun ESP32 kuma volt 3.3 suke ɗauka, kada ka ba su 5. Batir ban sa ba, masu kago ba sa son lithium a kayan jirgin sama, sai ka nema a Sabon Gari tare da ƙaramin sola. In kayan sun iso ka fara gwadawa a tukunyar shukar Inna, ka turo min hoto.