Kamfanin duba gini da na ɗauka kafin sayen gida a bakin tafki

Duk wanda ya tsaya da la'asar a unguwar da ke bakin tafki, iska mai sanyi tana tasowa daga ruwa tana kaɗa masa riga, da wuya ya tuna da duba gindin bango. Haka ta kasance da ni ranar da dillali ya kai ni gidan da nake ciki yanzu a gefen birni, kuma ba don kamfanin duba gini da na ɗauka ba, da na biya kuɗi ido rufe.

Injiniyan da suka turo bai fara da falo ba. Bayan gida ya zagaya, ya durƙusa, ya kankaro wani farin gari mai kama da kanwa daga jikin filasta, ya ce gishiri ne da danshi ke haurowa da shi. Kusa da tafki ruwan ƙasa ba ya da nisa, bulo kuwa yana tsotsarsa kamar yadda lagwani ke jan mai, galibi har kimanin mita 1 daga ƙasa. Da ya ɗora na'urar auna danshi a kan sabon fentin ɗakin baya, sai ta tona abin da fentin ya rufe. Ya kuma sa aka buɗe sokawe, domin inda ƙasa ta ƙoshi da ruwa ramin ba ya tsanewa, ƙazanta sai ta dawo cikin gida.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne bayaninsa kan taswirar ambaliya, wadda ke nuna wuraren da ruwa kan iya mamayewa. Na ɗauka “ambaliyar shekara 100” tana nufin sau ɗaya a ƙarni, ashe ma'anarta yiwuwar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, wato a tsawon shekara 30 yiwuwar ta auku ko da sau ɗaya takan kai kusan kashi 26. Da wannan rahoto na sa mai gida ya rage farashi, na kuma bincika ko inshorar gidan ta haɗa da ambaliya, don sau da yawa daban ake sayenta.

Sai dai ina da ƙorafi biyu. Rahoton da suka ce zai fito cikin kwana 3 sai da ya kai kwana 9, alhali wani mai saye yana jiran in janye. Sannan ba su faɗa mini tun farko cewa iyakar fili ba ta cikin aikinsu ba. Safiyon da na ɗauko daga baya shi ya nuna mini cewa zirin da ke tsakanin katanga da ruwa ba nawa ba ne.

Damina biyu ke nan muna ciki, an gyara magudana, an sa raga a tagogi saboda sauro, bangon baya kuma ya bushe. Mai niyyar ɗaukar kamfanin ya nemi su zo washegarin ruwa mai ƙarfi, ya kuma tanadi safiyonsa daban.