Ruwan famfo ko na burtsatse: wanne za a zuba a randa a Marwa?

A Marwa, a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, gidaje da yawa tsakanin biyu suke: famfon Camwater, kamfanin ruwa na gwamnati, ko rijiyar burtsatse ta unguwa. Na famfo an sa masa kulorin, shi ne warin nan da yara ke yatsina fuska a kai. Ni dai warin ba ya damuna, alama ce maganin na aiki. Matsalarsa ɗaukewa. In bututu ya bushe kuma akwai tsaga a jikinsa, ruwan kwata kan samu hanyar shiga, don haka jan ruwan da ya fara zubowa bayan an dawo da shi na wanki ne, ba na sha ba.

Na burtsatse ya fi ruɗin ido. Garau yake, ga sanyi, sai mutum ya saki jiki. Amma a yankin kogin Mayo Tsanaga, inda Marwa take, ruwan ƙasa na ɗauke da sinadarin fuloraid, a wasu wurare har ya haura miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Dubi haƙoran yaran wasu ƙauyuka: ɗigo-ɗigo launin ƙasa, kuma ba goro suka ci ba. Tafasawa ba ta cire fuloraid. In kuma rijiyar ba zurfi, ga masai kusa, damina na sauka sai amai da gudawa. Kwalarar 2010 ta kashe ɗaruruwa a Arewa Mai Nisa.

Mai ƙananan yara, na famfo zan ce ya ba su, a tara a jarka mai murfi. Burtsatse sai an kai ruwanta an gwada tukuna.