Manhajar Merlin da ƙananan tsuntsayen ciyawa

Ƙananan tsuntsayen nan masu launin ƙasa-ƙasa da ke maƙalewa a cikin ciyawa, irin su sistikola da firiniya, da wuya ido kaɗai ya raba su. Sistikola ta kai nau'i 50, mafi yawa a Afirka, kuma gashinta na sauyawa tsakanin lokacin ƙwai da bayansa. Kuka ne ke tona asirin kowacce. A nan za a auna Merlin, manhajar waya ta kyauta mai gane tsuntsaye da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ta fitar a 2014.

Ka fara sauke kundin tsuntsayen yankinka tun kana da intanet, don a daji ba ta buƙatarsa. Sashen tambayoyi biyar (wuri, kwanan wata, girma, launi, abin da tsuntsun ke yi) ba ya tsinana komai a nan, domin amsar kusan ɗaya ce ga dangin duka. Sashen hoto ya fi shi, in dai jela da baya sun fito: doguwar jela a ɗage ta firiniya ce, gajeriya da baya mai zane-zane ta fi kai ka ga sistikola.

Sashen sauti, wanda aka ƙara a 2021, shi ne ƙarfinta. Yana zana kukan a fuskar waya yayin da ake yinsa, ya kuma ba ka sunan tsuntsun da yake zato. Sistikolar da ke tashi sama tana "zit, zit" kusan sau ɗaya a daƙiƙa, za ka ga layuka tsaye a jere, tazararsu daidai. Sai dai an horar da shi ne da muryoyin da mutane suka tara, kuma na wurare masu zafi sun yi ƙaranci. Nau'in da bai sani ba, ko ya yi shiru, ko ya ba ka sunan wani daban.

Iska a bakin makirfo da kukan gyare suna rikita shi. Ka ɗauka da sassafe, ka juya wa iska baya, ka tsaya cik na daƙiƙa 30 ko fiye, sannan ka kwatanta da muryoyin da ke cikin kundin kafin ka yarda da sunan.

Don Allah kada a kunna wa tsuntsun kukansa kusa da sheƙa. Yana ɗauka kishiya ce ta shigo, ya bar ƙwai a buɗe ya fito neman faɗa.