Kundin Norton na adabin Ingilishi: wanne za ka saya, kuma yaya za ka ci moriyarsa?

Duk wanda ya shiga nazarin tsohon adabin Ingilishi, a jami'a ne ko shi kaɗai a gida, ba zai daɗe ba za a ambata masa The Norton Anthology of English Literature. Kamfanin W. W. Norton na birnin New York ke buga shi tun 1962, lokacin M. H. Abrams ne babban edita. Stephen Greenblatt na Jami'ar Harvard ya karɓi ragamar daga bugu na takwas a 2006, na tara ya fito a 2012, na goma kuma a 2018. Hukuncinmu a kansa ba ya buƙatar kewaye-kewaye. Idan waƙa da wasan kwaikwayo da sanin zubinsu kake nema, da wuya ka sami kundi ɗaya da ya kai shi. Idan kuwa ƙagaggun labarai ne a gabanka, ba zai fisshe ka ba, sai ka haɗa da wasu littattafai.

Bugu na tara an sayar da shi ta fuska uku: manyan juzu'i biyu, ko ƙananan juzu'i shida masu harafi A zuwa F, ko kuma taƙaitaccen bugun da ake kira Major Authors. Shida ɗin muke ba da shawara. Kowane ɗaya daga cikin manyan biyun yana kusan shafi dubu uku, kuma nauyinsa shi ke kashe shi: idan ana yawan buɗe shi a shimfiɗe, ƙeyar littafin takan tsage daga tsakiya, shafuka su fara zubowa. Ƙananan suna shiga jaka, kuma an raba su bisa zamani. A na tsakiyar zamani ne har zuwa wajen 1485, B ya ɗauko daga 1485 zuwa 1660, C daga 1660 zuwa 1785, D na mawaƙan da ake kira Romantik, E na zamanin Sarauniya Victoria wadda ta rasu a 1901, F kuma na ƙarni na 20 zuwa yau. Taƙaitaccen bugun ya fi sauƙi a aljihu, amma an zubar da ƙananan marubuta da yawa, alhali su ne ke nuna maka abin da manyan suka tarar ana yi kafin su sauya shi.

Takardar siririya ce ƙwarai, har kana hango inuwar rubutun bayan shafi. Kada ka kusance ta da biro mai zubar da tawada ko maka mai haskaka rubutu, domin zai ratsa ya ɓata shafi biyu. Fensir mai laushi ya wadatar.

Inda kundin ya yi fice shi ne tsarin shafi. Buɗe kowace doguwar waƙa za ka ga lamba a gefe bayan kowane ɗango biyar. Kalmar da ta tsufa an sa mata ɗan ƙaramin da'ira a ka, ma'anarta kuma tana can gefen dama a kan layin da take, ba sai ka ɗauke ido zuwa ƙasa ba. Bayani mai tsawo, kamar na wani sarki ko wata aya ko wani gwarzon Girkawa, shi ne aka sauke zuwa ƙasan shafi. A ƙarshen aiki akwai shekaru biyu da ɗalibai da yawa ba sa lura da su: ta hagu shekarar da aka rubuta, ta dama shekarar da aka buga. Bambancin yana da muhimmanci. Waƙoƙin Thomas Wyatt, wanda ya rasu a 1542, ba su shiga ɗab'i sosai ba sai a tarin da Richard Tottel ya buga a 1557, kuma na Gerard Manley Hopkins, wanda ya rasu a 1889, sai 1918 aka tattara su. Wanda ya ɗauki shekarar bugu a matsayin shekarar rubutu zai ɗora mawaƙi a zamanin da ba nasa ba.

Juzu'in A yana da abu biyu da suka isa a saye shi dominsu. Na farko Beowulf, waƙar jarumtaka mai ɗango 3,182, a fassarar Seamus Heaney. Tsohon Ingilishi ba ya karantuwa sai an koye shi kamar baƙon harshe, don haka fassara dole ce, kuma Heaney ya yi ƙoƙarin riƙe ƙashin bayan waƙar: ɗango mai danna murya sau huɗu, da ɗan tsayawa a tsakiya, da maimaita baƙin farkon kalma maimakon amsa-amo. Aibin shi ne ɗalibi yakan manta muryar Heaney yake ji, ya riƙa yin sharhin zaɓen kalma kamar na ainihin mawaƙin ne. Na biyu Geoffrey Chaucer, wanda aka bari a Ingilishinsa na ƙarni na 14. Nan ne mutane ke karaya, kuma dalili ɗaya ne: suna karantawa da furucin yau. Wasulan Ingilishi sun sauya bayan rasuwar Chaucer a 1400. Ka karanta su kusan yadda kake karanta wasulan boko, ka furta harafin e na ƙarshen kalma inda karin waƙar ke buƙatarsa, ka ɗaga murya. Akwai ɗan jagora kan wannan furuci a cikin juzu'in, kada ka tsallake shi. Bayan ɗango ɗari biyu na gabatarwar The Canterbury Tales kunne zai saba. An zaɓo wasu labarai ne kawai, ciki har da na Matar Bath da na Mai Niƙa, ba dukan littafin ba.

Juzu'in B shi ne mafi albarka, kuma idan kuɗinka na ɗaya ne to shi za ka ɗauka. A nan za ka ga yadda sonet, waƙa mai ɗango goma sha huɗu, ta taso daga Italiya ta zauna a Ingila. A hannun Petrarch, mawaƙin Italiya, ana raba ta takwas da shida, tunani ya juya a ɗango na tara. Wyatt ya shigo da ita, Henry Howard na Surrey ya sake mata amsa-amo zuwa ƙwar huɗu sau uku da 'yar tagwai a ƙarshe, wato abab cdcd efef gg, zubin da Shakespeare ya yi amfani da shi a sonet ɗinsa guda 154 da aka buga a 1609. Da yake kundin ya jera Wyatt, Surrey, Sidney, Spenser, Shakespeare, Donne da Milton a juzu'i guda, za ka iya bin zubin nan ɗaya cikin shekara fiye da ɗari kana kallon inda kowa ya ajiye juyinsa. Babu darasin da ya kai wannan koyar da cewa zubi ma yana ɗauke da ma'ana.

Akwai bayanin karin waƙa cikin jerin kalmomin nazari da ke ƙarshen kowane juzu'i, amma gajere ne, kuma an rubuta shi don wanda ya tashi da Ingilishi a kunne. Wanda ya saba da aruli zai fara ƙirga gaɓa mai nauyi da marar nauyi, sai lissafi ya ƙi fita, domin karin Ingilishi yana bin inda ake danna murya ne. Mafi yawan waƙar da ke juzu'in B ɗango ne mai gaɓa goma, bibbiyu sau biyar, ta farko a sassauce ta biyu a danne. Hanyar aunawa ita ce ka fara karanta ɗangon kamar magana, ka sa alama da fensir a kan gaɓoɓin da muryarka ta danna, sannan ka ƙirga. Kuskuren da aka fi yi shi ne tilasta wa ɗango ya bi ƙa'ida. Mawaƙan sukan juya ƙafar farko, wato gaɓa biyun farko, da gangan, ko su ƙara gaɓa ta goma sha ɗaya a ƙarshe, ko a furta -ed a matsayin gaɓa mai zaman kanta. Inda aka saɓa wa ƙa'idar, a nan mawaƙin ke son ka tsaya.

Paradise Lost na John Milton yana nan cikakke, kashi goma sha biyu kamar yadda ya sake tsara shi a 1674, bayan fitowarsa ta farko a 1667 da kashi goma. Wannan kaɗai ya rage maka sayen wani littafi. Waƙa ce marar amsa-amo, jimla ɗaya takan ratsa ɗango goma ko fiye, don haka ka nemi aikatau na jimlar tukuna kafin ka nemi ma'ana. Kashin farko na The Faerie Queene ma yana nan, an bar shi da tsohon rubutunsa domin Edmund Spenser da gangan ya tsufar da harshensa, a baiti mai ɗango tara wanda na ƙarshensa ke da gaɓa goma sha biyu.

Shakespeare na wasan kwaikwayo kuwa kaɗan ne. Bugu na tara yana da Twelfth Night da King Lear, zaɓin kuma yakan sauya daga bugu zuwa bugu, alhali babban tarin wasanninsa na 1623 yana da talatin da shida. King Lear ma matani biyu ne da suka saɓa, na 1608 da na 1623, kuma wanda zai yi nazarin wannan saɓani sai ya nemi bugun Arden na wasannin Shakespeare ko makamancinsa mai nuna bambancin layi da layi.

Juzu'in C ya yi kyau ga mai son zambo da 'yar tagwan Alexander Pope, akwai Swift da Samuel Johnson, akwai kuma Oroonoko na Aphra Behn na 1688 da wani yanki na tarihin rayuwar Olaudah Equiano na 1789, waɗanda ke sa cinikin bayi a tsakiyar zamanin inda ya dace ya kasance. D ya cika da Wordsworth, Coleridge, Byron, Shelley da Keats, tare da mata irin su Charlotte Smith da Anna Barbauld. Rauninsa William Blake ne. Blake ya sassaƙa waƙoƙinsa tare da zanensu a farantin tagulla, kuma 'yan hotunan da aka sa ba su isa ba, sai ka duba William Blake Archive a intanet. A juzu'in E, rukunan gajerun matani kan masana'antu da matsayin mata da ka'idar Darwin suna da amfani sosai kafin ka shiga In Memoriam na Tennyson na 1850.

Babban giɓin shi ne ƙagaggen labari, kuma ba ƙarami ba ne, domin a ƙarni na 19 shi ne sarkin adabin Ingila. Ba za ka sami Pride and Prejudice ko Jane Eyre ko Great Expectations ko Middlemarch cikakku ba. Tsawonsu ya hana. Gajeru ne suka samu shiga, irin su labarin Jekyll da Hyde na Stevenson da Heart of Darkness na Conrad. Wanda ya karanta juzu'in E kaɗai zai fita da zaton mutanen zamanin Victoria waƙa suka fi karantawa. Ka cike giɓin da bugun Penguin Classics ko Oxford World's Classics, ko Norton Critical Editions idan kana son sharhin masana a bayan matani. Adabin Amurka ma ba ya ciki, yana da nasa kundin daban.

Wata matsalar kuma daga kyawun littafin take fitowa. Gabatarwar da ke gaban kowane zamani da kowane marubuci an rubuta ta da gwaninta har ɗalibi yakan ƙoshi da ita, ya haddace ra'ayin edita ya tafi jarrabawa bai karanta waƙar ba. Mai gyara takarda yana gane wannan nan take, domin amsar ba ta da ɗango ko ɗaya da aka riƙe aka warware. Muna ba da shawarar ka karanta gabatarwar zamani tukuna, ka tsallake ta marubuci, ka karanta aikin sau biyu, na biyun da murya, sannan ka komo ka ga ko kun yi daidai da edita. Bayanan ƙasan shafi kuma suna gaya maka daga ina aka ɗauko ishara, amma ba sa ba ka labarin duka. Milton da Donne da Herbert ba sa buɗuwa sosai sai kana da Baibul na Sarki James na 1611 a kusa, da ɗan littafin tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa.

Idan na hannu za ka saya, tsohon bugu ba laifi ba ne, matanin Chaucer da Milton bai sauya ba. Amma ka duba lambar bugu da harafin juzu'i a bango, domin masu sayarwa a intanet sukan sa hoton wani bugu su aiko da wani. Ka buɗe tsakiya ka ga ko ƙeyar ta tsage, ka duba ko wani ya cika shi da tawada. Idan malami ya ba da jerin karatu, ka gwada shi da jerin abubuwan da ke ciki kafin ka biya, saboda akan cire aiki a sa wani a kowane sabon bugu. Lambobin shafi ma ba sa dacewa tsakanin bugu da bugu, don haka wajen kafa hujja a rubutu ka yi amfani da lambar ɗango ga waƙa, da lambar kashi da fitowa da layi ga wasan kwaikwayo.